Shaidar da Na Kasa Yi wa Ɗalha

Ranar Talata, 15 ga Oktoba, 2024, daidai da 12 ga Rabi'ul Akhir, 1446, jim kaɗan bayan la'asar, Allah Ya karɓi ran ɗana Ɗalha a wani asibiti da ke Staten Island, yana da shekara talatin da biyu. Ciwon sikilar da aka haife shi da shi ne ya tashi, ya sauka a ƙirjinsa, cikin kwana uku ya zama ajalinsa. Ya bar mahaifiyarsa Hajiya A'ishatu, da matarsa Nimatu, da 'yarsa Najat mai shekara biyar, da ni. Na Allah muke, kuma hanyar kowa wurinSa ta nufa.

Ɗalha, yau kwana goma sha ɗaya. An yi rubutu da yawa a kanka cikin kwanakin nan, kusan duk da Turanci. Wata ƙungiyar waɗanda ba su yarda da samuwar Allah ba ta rubuta cewa kai jarumi ne da ya tsinke igiyar addini. Wani mai wa'azin coci, wanda na tabbata bai taɓa zama da kai ba, ya rubuta cewa saura taki ɗaya ka karɓi Almasihu. Abin da ke yawo a wayoyin mutanenmu kuwa, daga unguwar Highbridge ta Bronx zuwa Kumasi da Kano, bai cancanci a maimaita shi ba. Ni zan rubuta da harshen da aka raɗa maka suna da shi, kuma zan tsaya a kan abin da na gani da abin da aka tabbatar mini. Ba zan mai da kai waliyyi ba. Ba zan kuma wanke kaina ba.

Kana ɗan shekara bakwai muka zo New York, lokacin da na sami aikin tafinta a wata ƙungiyar ƙasa da ƙasa a Manhattan. Muka kama haya a hawa na biyar a Grand Concourse, inda muke har yau. Wata rana da babu makaranta na tafi da kai wurin aiki, na zaunar da kai a bayana cikin ɗan ɗakin gilashin da muke fassara. Wakilin wata ƙasa ya fusata a zauren taro yana faɗa da Larabci, ni kuma ina biye da shi da Turanci: ba zan janye sojojina ba, ba zan nemi afuwar kowa ba. Da muka fito cin abinci ka ƙi taɓa naka. Can ka ɗago ka ce, "Abba, kana da sojoji?"

Na yi dariyar da na daɗe ban yi ba. Na bayyana maka cewa tafinta ba ya cewa "ya ce". "Ni" yake cewa, don maganar ta isa kunnen mai saurare da nauyinta. "Ni" ɗin ta aro ce. Mai ita na yin shiru ake mayar masa da abarsa. Ka ce, "To idan mugu ne fa?" Na ce ko mugu ne, ba a rage masa, ba a ƙara masa. Ka daɗe kana juya cokali, sannan ka ce wannan aiki da wuya yake. Na ɗauka kafin mu isa gida ka manta da zancen.

Rabin ƙuruciyarka a gadon asibiti ka yi shi. Da sanyi ya shigo sai ciwon ya shiga ƙasusuwanka, mu kwashe ka. A can ka koyi kallon fim, daga talabijin ɗin da ke rataye a bango, domin shi kaɗai ke ɗauke maka hankali idan allura ta fara sakinka. Tun kana ɗan sha biyu kake tambayata dalilin da ya sa ake sa kiɗa mai ban tsoro kafin wani ya shigo, alhali bai riga ya yi laifin komai ba. Na so ka karanta shari'a. Ka zaɓi ilimin fim da rubuta sharhi. Ban hana ka ba, ban kuma taya ka murna ba.

Babu gidan mutanenmu a Bronx da kyamararka ba ta shiga ba. Suna, walimar sauka, tarbar alhazai: a kira ka, ka zo, ko jiya aka sallamo ka daga asibiti. Wanda ba na mantawa shi ne Malam Abdul-Razak, direban tasi, mutumin Nima ta Accra, wanda ya shekara goma sha huɗu bai ga 'ya'yansa ba saboda rashin takardar zama, ga ciwon daji ya ci huhunsa. Ya so ya bar musu magana. Asabar shida kana hawa tudun Highbridge da ƙafarka mai ciwo, kana ɗaukarsa kaɗan-kaɗan, don ba ya haɗa jimla uku tari bai katse shi ba. Da ka zo haɗawa ka tambaye shi, "Kawu, in cire tarin duka?" Ya ce, "Bar guda ɗaya, kada su ce ba ni ba ne." Ka bar guda ɗaya. 'Ya'yansa sun ga ubansu zaune da farar riga yana yi musu nasiha a natse, har da dariya. Wasu daga cikin waɗanda suka riƙa tsallaka titi daga baya don kada su gaisa da kai, sun kalli wannan hoton suna share hawaye.

Lamarin ya faro ne daga wasu fina-finai da ake yi a ƙasar nan don masu zuwa coci. Ka kalle su da yawa, ka yi rubutu a kansu. Ka lura cewa a cikinsu wanda bai yarda da Allah ba kullum mugu ne, ko likita mai girman kai ko attajiri marar tausayi, kuma kafin a tashi sai wata masifa ta durƙusar da shi ya tuba yana kuka. Ka kuma lura cewa a fina-finan ɗaya ɓangaren fasto kullum munafuki ne, mabiyansa kuma wawaye. Ka rubuta cewa fim ɗin da sai ya karya mutum kafin ya ci shi da hujja bai amince da hujjarsa ba. Ka rubuta cewa kowane ɓangare ya ƙera abokin gaba na kwali, yana dukansa, yana tafa wa kansa.

Daga nan ka buɗe zama na wata-wata, ranar Lahadi da rana, a wani zauren ƙarƙashin bene kusa da gidanmu, duk da ka riga ka yi aure ka koma Park Hill a tsibirin Staten Island. A nuna fim, a kunna fitila, a yi muhawara: shin mutum na iya zama nagari ba tare da imani ba? Mutum biyu ne ginshiƙan zaman. Ɗaya Fasto Ishaya, mutumin Zariya, wanda Hausarsa ta fi ta yawancinmu. Ɗayan wani dattijo Ba'amurke, tsohon malamin falsafa, mulhidi, wato wanda bai yarda da samuwar Allah ba, tun yana saurayi. Ya roƙe ni in sakaya sunansa, zan kira shi Farfesa. Farfesa cewa yake wanda ya ƙi sata don yana jin ana kallonsa daga sama ba nagari ba ne, matsoraci ne. Fasto kuma cewa yake tausayin da Farfesa ke tinƙaho da shi a cinyar kakarsa mai zuwa coci ya samo shi, ya kuma nuna masa inda yafe wa maƙiyi ya samo asali in ba a addini ba. Shekara biyar suna wannan, babu wanda ya matsa, babu wanda ya fasa zuwa. Doka ɗaya ka kafa musu: ba wanda zai soki hujjar abokin muhawararsa sai ya fara faɗinta da bakinsa, yana cewa "ni", har mai ita ya ce haka ne.

Na taɓa tambayarka a kan abinci, me ya kai Musulmi tsakiyar rigimar Kirista da mulhidai? Ka ce, "Abba, mu da aka shekara nawa ana sa mana rawani da bam a fim? Ai mu ya kamata mu fi kowa gane fuskar ƙarya." Mahaifiyarka ta ce ka ci tuwonka kafin ya huce. Ban kuma taɓa taka zauren nan ba, alhali tafiyar minti shida ce daga ƙofarmu.

Wata Lahadi a Fabrairun 2022 dusar ƙanƙara ta rufe hanyar garin da Farfesa yake, bai iso ba. Mutum kusan arba'in sun zo, an riga an kalli fim. Maimakon ka bar Fasto ya yi ta dukan kujerar da babu kowa, sai ka tashi ka zauna a kanta, ka sanar cewa yau kai ne Farfesa. Ka fara da cewa, da Turanci: "Ni ban yi imani da wani Allah ba, kuma ban taɓa buƙatarsa ba kafin in ciyar da maƙwabcina." Minti ashirin ka yi kana magana da bakin mutumin.

Wani daga cikin mutanenmu yana zaune a baya da waya a hannu. Ya yanki daƙiƙa hamsin, ya zubar da sauran. Wani kuma ya ɗora murya da Hausa a kai: jama'a, ku ji ɗan Dakta. Dakta kuwa ni ne, haka ake kirana. Ran Talata da safe, kafin in cire kwat a ofis, mutum bakwai sun turo mini. Na kalla sau ɗaya, na kira ka.

"Kai ne ka faɗi wannan maganar?"

"Ni ne, Abba, amma…"

"Ban tambaye ka amma ba."

Na kashe wayar. Ita ce maganar ƙarshe da ta shiga tsakanina da kai a duniya.

A ranar ka turo mini cikakken hoton zaman. Ban buɗe ba. Bayan mako guda ka sake turowa, da layi ɗaya: Abba, don Allah daga farko. Ban buɗe ba. Ni da na kusa shekara talatin ban sa hannu a fassarar da ban ga asalinta gaba ɗaya ba. Na sha gaya wa kaina cewa kishin addini ne. Ba shi ba ne. Kunya ce ta mutumin da aka saba miƙe wa a masallaci ana cewa Dakta ya iso, sai ga shi ana nuna shi da baki.

Da ƙaramar sallar shekarar ka zo masallacinmu na Highbridge, ka shiga sahu. Na damanka ya matsa, na hagunka ya matsa, aka bar ka da fili gefe da gefe. Ina sahun gaba. Na waiga, na gani, na mai da fuskata alƙibla. Ba ka sake zuwa ba. Sai suka ce, kun gani, ko masallaci ya daina zuwa.

Mahaifiyarka ba ta saurari kowa ba. Kowace Asabar takan ɗaure abinci ta tafi Park Hill. Ni nake kai ta bakin jirgin fito a mota, in tsaya har ta shiga, in juya. Wata talatin da biyu. Ruwan nan minti ashirin da biyar ake ƙetare shi.

Na ƙetare shi ranar da Nimatu ta kira ta ce, "Baba, ku zo yanzu." Na same ka da na'urar numfashi a fuska, idonka rufe. Likita ya ce mai yiwuwa kana ji. Na laƙƙana maka kalmar shahada, leɓɓanka ba su motsa ba. Awa biyu na tsaya a kanka. Ni da magana ce sana'ata, abin da na iya ƙara maka shi ne sannu.

Washegari da safe na je ofishin limaminmu, Malam Kassim, don shirya jana'iza. Na tarar dattawan kwamitin masallaci huɗu sun riga ni. Daga yadda suka amsa sallamata na gane ba ta'aziyya kaɗai ta kawo su ba. Shugabansu, Alhaji Sheriff, mutumin Kumasi, shi ya fara.

"Dakta, muna da respect gare ka, Allah Ya sani. Amma yaron nga ya faɗi da bakinshi, duniya duka ta gani. In mun yi mishi salla, mun sa shi cikin Musulmi, gobe mi za mu gaya ma yaranmu?"

Malam Kassim ya ɗaga masa hannu. Mutum ne mai taushin hali, na kuma ga mafita yake nema. Ya ce, "Dakta, kalma ɗaya nake so. Kai ne uba. Ka shaida mana ya rasu yana Musulmi, in sa a ɗora ruwa."

Abin da ke gabana ke nan, Ɗalha: ko a yi maka wanka da salla a kai ka cikin 'yan'uwanka, ko in ɗauki gawarka in shiga gari ina neman mai karɓa. Kalma ɗaya ce. Na buɗe baki, ta ƙi fita. Shaida abin da ido ya gani ce, ni kuwa me na gani? Ban san inda kake fuskanta ba idan ka tashi da asuba. Kuma ba tsoron Allah ne kaɗai ya riƙe harshena ba. Har a wannan lokacin, daƙiƙa hamsin ɗin nan na yarda da su.

Nimatu tana tsaye a bakin ƙofa, don ba a ba ta kujera ba. Ta ce, "Malam, ni na zauna da shi. Yana salla. In ciwo ya kama shi, a zaune yake yi."

Alhaji Sheriff ko juyawa bai yi ba. "Ei, matanshi ke nan. Da mi kuke so ta ce?"

Ashe ta san haka za a yi, ta riga ta yi waya. Aka ƙwanƙwasa ƙofa, sai ga Fasto Ishaya, hularsa a hannu, bayansa Farfesa yana dogara sanda. Farfesa ya cire takalmansa tun daga bakin titi yana riƙe da su, safarsa ta jiƙe. Ranar na fara ganinsu. Alhaji Sheriff ya ce, "Yanzu shaidar Kirista da arne za mu ji cikin ɗakin Allah?" Malam Kassim ya ce, "Nan ofis ne, Alhaji. Ji kuma ba hukunci ba ne."

Biyu daga dattawan mutanen Damagaram ne, Turancinsu na kasuwa ne. Malam Kassim ya ce, "Dakta, aikinka ne. Juya mana." Farfesa ya fara, bakina kuma ya bi shi yadda ya saba, bai yi shawara da ni ba. Na ji muryata tana cewa da Hausa:

"Ni ban yi imani da Allah ba."

Ɗaya daga mutanen Damagaram ya ce subhanallahi, ya ja kujerarsa baya. Alhaji Sheriff ya zuba mini ido, baki buɗe. Daƙiƙa biyu ko uku suka yi kafin su tuna fassara nake yi, har wani ya yi 'yar dariyar kunya. Ni ban yi dariya ba. A cikin daƙiƙun nan na ga fuskokin da ka gani a sahu, na kuma ji abin da ke bayan "amma" ɗin da na katse. Da akwai mai waya a bayan ɗakin, da ni ma an gama da ni kafin azahar. Ni na koya maka wannan "ni" ɗin. Duk Bronx babu wanda ya kamata ya gane ta kamar ni.

Na ci gaba, don ba a tsayawa a tsakiyar maganar mutum.

"Shekara biyar ina ƙoƙarin jawo shi wajena, na kasa. Kalmomin da kuka ji a bidiyon nan nawa ne. Ya faɗe su fiye da yadda nake faɗa, har na ji haushi da na kalla. Kowane zama, idan rana ta karkata, sai ya dakatar da mu minti biyar, ko ana tsakiyar faɗa, ya je ƙarƙashin matakala ya yi sallarsa. Wata rana ruwa ya shigo wurin, a kan kwat ɗina ya yi. A ganina ɓata lokaci ne, na kuma gaya masa. Amma in tambayarku ita ce ko yaron nan nawa ne, to ba nawa ba ne. Na so ya zama."

Fasto Ishaya ya ce, "Malam, ni ma na yi nawa ƙoƙarin, ba zan ɓoye ba. Naku ne."

Malam Kassim ya dubi dattawan. Sannan ya ce wanda aka sani da Musulunci ba a fitar da shi da guntun magana, kuma shaidar matarka ya dogara da ita, wadda ya kamata a ji tun farko. Ya ce a ɗora ruwa. Ni bai sake tambayata ba. Rufa mini asiri ya yi, kuma da zagina ya yi da ya fi mini sauƙi.

Ni da shi muka yi maka wanka. Na sami furfura uku a gemunka. Ban san lokacin da suka fito ba.

Masallacin da ke cika har matakala idan ana rabon shinkafar suna, mutum ashirin da uku ne suka tsaya maka. Fasto da Farfesa suna tsallaken titi a tsaye, har muka wuce da kai maƙabarta a New Jersey. Kafin kabbara Malam Kassim ya juyo ya yi roƙon da aka saba: duk wanda mamacin ya yi wa laifi, ya dubi Allah ya yafe masa. Sahu ya amsa, mun yafe. Muryar Alhaji Sheriff ta fi ta kowa fita. Ni ban amsa ba, don ba ni da abin da zan yafe maka. Na tsaya ina jiran a juya tambayar, a tambayi wanda ke kwance ko shi ya yafe. Ba a yin wannan tambayar.

Ranar sadakar uku, bayan mutane sun watse, na buɗe saƙonka. Daƙiƙa tara kafin inda aka fara yanka, ga ka kana gyara zama a kujerar, kana murmushi, kana cewa, "Farfesa bai zo ba, zan ara masa bakina. In na rage masa, ku gaya masa ba da gangan ba ne." Daƙiƙa tara. Wanda ya riƙe wayar ya ji su.

Ba zan ce zuciyarka ba ta taɓa girgiza ba. Nimatu ta gaya mini cewa idan ciwo ya tsananta kakan tambaya me ya sa aka zuba maka wannan jinin, kuma wasu hujjojin Farfesa sun daɗe suna cinka ba ka sami amsarsu ba. Ta ce kakan ce, da Abba na magana da ni da na tambaye shi, shi ya karanta littattafan. Ban san ko ina da amsa ba. Amma da mun zauna.

Kai kuma da ka yanka hoton, ban san sunanka ba, ko da yake ina zaton mun sha haɗa kafaɗa a sahu. Da kai, da wanda ya ɗora murya, da duk wanda ya tura gaba yana rubuta Allah Ya shirya: ban yafe ba tukuna, kuma ba zan rubuta abin da babu shi a zuciyata ba. Amma ba ku kuka fi laifi ba. Ku ba a turo muku cikakken hoton sau biyu ba. Ku kuwa da kuka manna fuskarsa a shafukanku, masu murnar ya bar addini da masu murnar ya kusa shiga naku, ku sauke ta. Abin da ya ƙare ƙuruciyarsa yana yaƙa shi kuka yi masa tun ƙasar kabarinsa ba ta bushe ba.

Ina yi wa Hajiya A'ishatu ta'aziyya, wadda ba ta taɓa kiran sunanka ba don kai ne ɗan fari, sai ranar Talata a asibiti, sau ɗaya, da ƙarfi. Ba ta ce mini komai ba har yau a kan abin da na yi. Abincina yana zuwa a kan lokaci. Ina yi wa Nimatu ta'aziyya, wadda ta faɗi a tsaye abin da na kasa faɗa a zaune. Allah Ya saka miki, 'yata, Ya ba ki haƙurin da ya fi nawa. Ina yi wa Najat ta'aziyya, wadda sai da aka gaya mata ko ni wane ne. Fasto Ishaya, na gode. Farfesa, na san ba ka karɓar addu'a. Na yi maka duk da haka.

Ya Allah, ga bawanKa Ɗalha ɗan A'ishatu ya zo gare Ka. Kai ba Ka buƙatar shaidar kowa. Ka gafarta masa, Ka sa ciwon da ya sha ya zama kaffara, Ka yalwata masa kabari, Ka sanyaya ƙasusuwan da ba su taɓa hutawa ba. Ka amsa masa tambayoyinsa, ko Ka ba shi abin da zai mantar da shi su. Ka raya 'yarsa cikin mutanen da ke sauraron magana har ƙarshe. Ka jiƙan iyayenmu da malamanmu, mu kuma in tamu ta zo Ka sa mu cika da imani.

Ni kuwa, ranar da za a tashe mu, Ka yi masa tambayar da ba a yi masa ba a Highbridge. Duk abin da ya amsa, na karɓa.